Salsalar Ma'ana da Gadar Harsuna: Sharhi da Misalai daga Ƙasar Bagudo

1. Mafarin magana

Akwai wani aiki da masanan harshe da masanan kwamfuta suka duƙufa a kansa, wanda ya kamata malaman Hausa su sa masa ido tun bai yi nisa ba. Aikin kuwa shi ne a ɗauki ƙamus, a kwance bayanan da ke cikinsa, a fitar da ma'anoni ɗaya bayan ɗaya, a jera su wannan a ƙarƙashin wancan, har su zama kamar salsalar gidan sarauta. In an gama na harshe guda, sai a ɗaure kowace ma'ana da takwararta ta wani harshe, domin na'ura ta iya fassara, ko ta nemo labari, ko ta taimaki mai koyo. Cikin wannan takarda zan kira jerin nan salsalar ma'ana, ɗaurin kuwa in kira shi gada.

Ba na ƙin aikin, don yana da amfani ƙwarai. Abin da na ke suka shi ne hanyar da aka fi bi saboda sauƙinta, watau a aro salsalar Ingilishi yadda ta ke, a bi ta reshe reshe ana liƙa mata kalmomin Hausa. Abin da a kan samu a ƙarshe Ingilishi ne da rigar Hausa. Zan kafa hujjata da ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, domin a can ne ɓarnar wannan hanya ta fi fitowa fili.

2. Inda dabarar ta samo asali

Wanda ya yi karatun manɗiƙi a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ya san cewa cikakken bayanin abu ya kan zo da jinsi da fasali: jinsi ya faɗi dangin abin, fasali ya raba shi da 'yan'uwansa. In an ce tunkiya dabbar gida ce mai kaza da kaza, to, dabba ita ce jinsi, sauran maganar fasali. Jera kalmomi bisa ga ma'anarsu, ba bisa ga harufa ba, shi ma tsohon abu ne. Sa'alabi, wanda ya rasu a 1038, haka ya tsara littafinsa na Fiƙhul Luga. A Ingila kuwa Peter Mark Roget ya fitar da nasa a 1852, ya kasa ma'anonin Ingilishi manyan azuzuwa 6 da kanu 1,000.

Da kwamfuta ta zo, sai aka ga ai na'ura za ta iya tsintar jinsin nan da kanta daga bayanan ƙamus. A 1980 Robert Amsler ya gwada haka da wani ƙaramin ƙamus na Ingilishi a Jami'ar Texas. Ya tarar salsalar ba ta miƙe sak ba: rassa suna sarƙewa, kuma can sama kalmomi suna bayyana juna suna kewayawa. A 1985 George Miller da abokan aikinsa suka fara WordNet a Jami'ar Princeton ta Amurka. Su da hannu suka yi nasu. Sun tara kalmomin da ke da ma'ana guda suka ɗaure su dami dami, kowane dami da uwarsa a sama da 'ya'yansa a ƙasa. Fitowa ta 3.0 tana da dami wajen 117,000.

Tsakanin 1996 da 1999 aka yi EuroWordNet a Turai, Piek Vossen yana jagora. A nan ne aka bambanta hanyoyi biyu. Ta farko, kowane harshe ya gina salsalarsa daga ƙamusoshinsa, sa'an nan a yi gada. Ta biyu, a fassara damman Ingilishi kawai. Ta biyun ta fi arha, ta fi sauri, saboda haka harsunan da ba su da kuɗi da ma'aikata ita suka fi runguma. Ga ta nan tana jiran Hausa.

3. Ƙasar Bagudo da harsunanta

Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, cikin masarautar Gwandu, kogin Kwara ya ratsa ta. Garuruwanta sun haɗa da Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya. Wanda ya ƙetare daga Lolo ya nufi Malanville ke nan, wanda ya bi ta Tsamiya kuwa ya nufi Segbana, duka biyu a lardin Alibori na Benin. Iyakar nan ta samo asali daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu biyu, ta bar Illo a hannun Ingila.

A ɗan yankin nan ana jin Hausa, wadda ke cikin dangin harsunan Cadi. Da Dandanci da Zabarmanci, 'yan gidan Sanwai. Da Fulatanci, na dangin Atilantika. Da Busanci da harshen Boko da Kyanganci, waɗanda ke cikin dangin Mande. Kada sunan Boko ya ruɗi mai karatu, ba ruwansa da karatun boko. Gidaje huɗu ke nan dabam dabam, amma kasuwa ɗaya, kogi ɗaya, auratayya kuma tun kaka da kakanni. Mutum mai harshe uku ba abin mamaki ba ne a can.

To, amma dubi yadda ƙamusoshi suka rabu. Manyan na Hausa, irin na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, zuwa Ingilishi suka fassara. Ƙamusun Dandanci na Petr Zima na 1994 zuwa Faransanci ya yi, kuma Dandancin Djougou ne, can nesa da bakin kogi. Na Zabarmanci na Bernard da White-Kaba, shi ma na 1994, Faransanci ne. Watau in na'ura tana so ta haɗa kalmar Bahaushen Lolo da ta Badanden Malanville, sai ta bi ta London, ta ƙetara Paris, kana ta komo bakin Kwara, alhali kuwa mutanen biyu tun da safe suka gama cinikinsu. Kowane zango na wannan tafiya a kan zubar da wani abu, a kuma kwaso wani.

4. Misalai uku

Mu fara da jirgi. Ga Bahaushe, abin da Basarke ya ke tuƙawa a Kwara jirgi ne, na dogo jirgi ne, na sama ma jirgi ne. Amma mota da babur da keke ba jirage ba ne. Nemi wannan aji cikin WordNet, ba za ka same shi ba. Akwai reshen da ya haɗa na ruwa da na sama, amma jirgin ƙasa yana wani reshe, tare da abubuwan ɗaukar fasinja. Mai bin hanya ta biyu zai liƙa jirgi a wurare uku, kowanne daidai, amma uwar da ta haife su ta ɓace, don ba ta da mazauni a gidan aro. Ga abin lura kuma: Bazabarme yana kiran jirgin ruwa hi, na sama kuwa beene hi, watau jirgin sama sak. Bafulatani ma laana ya ke ce wa na ruwa, da ita kuma ya ke kiran na sama. Maƙwabta sun yi tarayya cikin tunani guda, tafintan da aka sa a tsakaninsu shi ne bai san shi ba.

Na biyu, sunayen dangi. Ingilishi yana da kalma ɗaya, uncle, Faransanci ma ɗaya, oncle, ga ɗan'uwan uba da ɗan'uwan uwa duka. Hausa tana da baffa da kawu, waɗanda ta aro daga Fulatanci, ko da ya ke a wasu garuruwa an fara sakin kawu ga kowa. Zabarmanci yana ce wa ɗan'uwan uwa hasay, ɗan'uwan uba kuwa uba ne, babba ko ƙarami. In aka bi ta gadar Turawa, baffa da kawu da hasay duk za su faɗa rami guda, na'ura ta ɗauka ma'anarsu ɗaya. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. A fiƙihun Malikiyya, wanda a ke hukunci da shi a ƙasar, ɗan'uwan uba yana cikin asaba, yana iya cin gado, yana iya zama waliyyin aure. Ɗan'uwan uwa ba ya cikin asaba. Takardar gado da aka fassara da irin wannan gada tana iya raba zumunci. Haka kuma wa da ƙane, ya da ƙanwa: Hausa tana duban girma da jinsi, Zabarmanci yana da beere da kayne na babba da ƙarami, harsunan Turawan nan biyu kuwa namiji da mace kaɗai su ke dubawa.

Na uku, aikatau. Ɗauki ji. Muna jin magana, muna jin sanyi, muna jin ƙanshi, muna jin gishiri a miya, muna jin Larabci. Ingilishi ya raba waɗannan ga kalmomi wajen biyar. Kowace kuma tana da nata kayan da ba na ji ba: wadda ke nufin jin sanyi tana kuma nufin lalube da hannu, takwararta ta Faransanci tana kuma nufin abu ya yi wari. In na'ura ta bi su duka, sai ta komo da tarkace. Alhali kuwa Bazabarme maa ya ke cewa, in ya ji daɗi ya ce ay maa kaani, Bafulatani ya ce mi nani belɗum, kalma bisa kalma kamar yadda mu ke faɗi.

Ci da sha sun fi wannan wuya. Muna cin tuwo, mu ci kasuwa, mu ci jarrabawa, mu ci amana, mu ci sarauta. Muna shan ruwa, mu sha rake, mu sha iska, mu sha wahala, mu sha kashi. Claude Gouffé ya yi nazarin kalmomin nan biyu a 1966, Philip Jaggar da Malami Buba kuma suka nuna a 2009 cewa ci ya karkata ga rinjaye, sha kuwa ga abin da ya auka wa mutum ya jure. Wannan zare shi ne ya ɗinke ma'anonin, shi ne kuma abin da yaro Bahaushe ya sani ba tare da an koya masa ba. Salsalar aro za ta watsa su cikin rassa goma sha, ba abin da zai nuna 'yan ɗaki ɗaya ne.

5. Wace Hausa?

Har yanzu ina magana kamar Hausa ɗaya ce, alhali ƙasar Bagudo ba ta yarda da haka ba. Hausarta ta yamma ce, dangin Sakkwatanci, ga kuma fatake daga Jamhuriyar Nijar da Benin suna shigowa da tasu.

A Kano hatsi uwa ce, gero da dawa da maiwa 'ya'yanta. A Hausar yamma kuwa, balle a Nijar, in mutum ya ce hatsi sau da yawa gero ya ke nufi, dawa dabam. Kalma guda ke nan, a gabas tana sama, a yamma ta sauko ta zauna cikin 'ya'ya. Ba za a iya zana wannan da reshe ɗaya ba. Haka hakimi: a Kano shi ke riƙe da gunduma, dagatai suna ƙarƙashinsa, a ƙasar Sakkwato da Gwandu mai gunduma uban ƙasa ne, hakimi yana ƙarƙashinsa. Wanda ya ɗaura hakimi da kalmar Ingilishi guda, ya rufe littafi, ya naɗa wani ya tuɓe wani bai sani ba.

Kuɗi ma haka. A ƙasashen sefa Bahaushe da dala ya ke lissafi, dala ɗaya tamma biyar, jikka kuwa sefa 1,000. A Nijeriya jaka ta daɗe tana nufin fam 100, wanda ya zama naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. Ɗan kasuwar bakin iyaka ya san wace jaka a ke nufi da ganin wanda ke magana. Na'ura ba ta ganin kowa. Sai ga kalmomin aro: nan kwastan, can duwan, nan firamare, can lakwal. Waɗannan su ne masu sauƙi, don abu ɗaya ne da suna biyu. Masu wuya su ne irin hatsi da hakimi da jaka, inda suna ɗaya ne abu biyu.

6. Ƙamusoshinmu a ma'auni

Wani zai ce, to, laifin ƙamusoshin ne. Ban yarda ba, sai dai a ce an aza musu kayan da ba nasu ba. Ƙamus mai harshe biyu ba bayani ya ke yi ba, musaya ya ke yi: ka ba shi kalma, ya ba ka abin da ya fi kusa da ita a wancan harshe. In na'ura ta nemi jinsi a cikinsa, jinsin Ingilishi za ta tsinta.

Duk da haka Bargery ya fi masu amfani da shi hankali. Cikin kalmominsa fiye da 39,000 ya kan sa alama ya nuna wannan ta Sakkwato ce, wannan ta Katsina ce. Ya kan kuma tara kalmomi masu kusancin ma'ana a ƙarƙashin kalma guda, kamar dogon jerin da ya yi na kalmomin girman jiki a ƙarƙashin ƙato. Waɗannan jeri damman ma'ana ne na Hausa tsantsa, an ɗaure su shekara hamsin kafin WordNet. Abin takaici, su da alamomin karin harshe su ne farkon abin da mai gaggawa ya ke zubarwa, don ba su shiga ramukan da aka haƙa musu. Aibin Bargery a wannan aiki shi ne tsufa: Hausar da ya tara ta kusa shekara ɗari, babu naira a ciki, babu ƙaramar hukuma. Abraham kuwa ƙarfinsa misalai ne. Wanda ke son ya rarrabe ma'anonin ci da sha ba shi da kamarsa, amma Hausar Kano ta rinjaye shi.

Wanda ya fi dacewa da zama harsashi shi ne Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, domin shi da Hausa ya ke bayyana Hausa, jinsin da ke cikin bayanansa namu ne. Amma kada mu ruɗi kanmu. Abin da Amsler ya tarar a ƙamusun Ingilishi yana jiran kowane ƙamus: wani wuri a bayyana kalma da 'yar'uwarta kawai, wani wuri a ce wani irin abu, a wuce. Kuma daidaitacciyar Hausa ya sa gaba, wadda aka gina bisa Kananci. Saboda haka shi mafari ne, sai an bi shi da hannu, an kuma kai shi yamma an gwada.

Adalci ya sa in faɗi cewa masu EuroWordNet sun hangi wani sashe na wannan matsala. Sun tanadi alamun da za su nuna gada ba daidai ta ke ba, ko kusa ce kawai, ko ɗaya ta fi faɗi. Laifin na masu gajen haƙuri ne, da su ke ganin gurbi su cusa kalma, don a ce an cika dubu kaza.

7. Abin da na ke ganin ya kamata

Da fari, a gina salsalar Hausa daga bayanin Hausa, a bar jirgi ya zauna da 'ya'yansa uku ko da Ingilishi ba shi da gurbinsa. Gada ta zo daga baya.

Na biyu, kowace ma'ana a rubuta mata garinta. Kada a ce hatsi kaza ne, a ce a Kano kaza ne, a Illo kaza ne. Wannan ba ya rage wa daidaitacciyar Hausa daraja, iyakarta kawai ya ke nunawa.

Na uku, kowace gada a faɗi irinta: daidai, ko ta fi faɗi, ko ta fi ƙunci, ko sun haɗu a wani gefe, ko babu. Rubuta babu ilmi ne. Gurbin da aka bari fili ya fi wanda aka cika da ƙarya, don na farko yana kiran mai bincike, na biyu yana korarsa.

Na huɗu, a yi gada kai tsaye tsakanin maƙwabta, Hausa da Dandanci, Hausa da Fulatanci, Hausa da Busanci, daga bakin mutanen da suka tashi da harsunan biyu. A nan akwai gaggawa. Yawancin Kyangawa sun riga sun koma Hausa ko Dandanci, masu jin harshen sun rage a ƙauyuka kaɗan. Hausa tana da miliyoyin da za su gyara kuskuren da aka yi mata gobe. In aka zuba Kyanganci cikin ramukan Ingilishi yau, mai yiwuwa ne a rasa wanda zai ce ba haka ba ne, kuskuren ya zama shi ne tarihi.

Na biyar ya shafi malaman kwalejojin horon malamai, kuma ba ya bukatar na'ura. Ɗalibin da ya fito daga Lolo ko Ka'oje ko Tsamiya, in zai tafi hutu, a ba shi kalmomi ashirin na fanni guda, ko amfanin gona, ko kamun kifi, ko dangi, ko sarauta. Ya tambayi dattawa abu uku a kan kowace: wannan wane irin abu ne? Waɗanne abubuwa ne irinsa? Me a ke ce masa da ɗaya harshen, kuma ko akwai inda sunan nan ya kai wancan bai kai ba? Ya rubuta amsar da sunan garin da shekarar. Kwaleji irin ta Adamu Augie da ke Argungu, in ta riƙe wannan shekara biyar, za ta tara abin da babu shi cikin kowane ƙamus da na ambata. Ɗalibin kuma zai shiga aji ya san dalilin da ya sa yaron da ya rubuta hatsi inda littafi ya ce gero bai yi kuskure ba.

Salsalar ma'anar Hausa za a gina ta, ko da mu ko ba mu, kuma da ita na'urori za su riƙa fassara wa jikokinmu takardun asibiti da na kotu da na makaranta. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ina roƙon 'yan'uwana malamai mu sa hannu tun ana aza harsashi, domin gyaran gini bayan an yi rufi ya fi ginin wuya.